Kwale-kwale mai zanin iska a Abhur: wata bakwai da Asabar guda

Ranar da na fara sauke kwale-kwalen daga kan mota a Abhur, bakin teku a arewacin Jidda, wani dattijo masunci da ke zaune yana ɗinkin raga ya ɗago kai, ya dube ni, ya dubi abin da nake ja, ya tambaye ni da Larabci ko bahon wankan yara na sayo. Na ce masa, "Ya ammi, jirgi ne." Ya yi murmushi ya koma kan ragarsa. Yau wata bakwai ke nan, kuma tun da 'yan'uwa a nan Jidda suka fara ganin hotunansa a wayata ake tambayata ko ya ci kuɗinsa. A tsaitsaye nakan ce ya ci. Amma akwai wata Asabar da ya kamata mai sha'awa ya ji labarinta kafin ya zaro ko riyal ɗaya.

Ni ɗan Yawuri ne, a bakin Kwara na tashi, kakana Basarke ne da bai san wata sana'a ba sai su. Tun ban kai shekara 10 ba nake riƙe filafili. Na faɗi haka don a san ba baƙon ruwa ke magana ba, kuma wannan sabon ne ya kusa kai ni ya baro. Shekarata 14 a Jidda ina gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kullum ina kallon teku ta tagar mota, har Allah ya kawo wani Bature da aikinsa ya ƙare zai koma gida ya sa jirginsa a kasuwa. Muka daidaita a riyal 9,500 har da ɗan amalanken jansa.

Irin siririn kwale-kwalen nan ne na roba mai kauri da ake kira kayak, mazaunin mutum ɗaya, tsawonsa ya kusa mita 5. Gabansa akwai doguwar sanda da ke ɗauke da zanin iska, abin da Larabawa ke ce wa shira'i, girmansa kamar murabba'in mita 6. Dama da hagu an miƙa hannuwan ƙarfe, kowane ɓangare da doguwar roba mai iska a ciki tana kwance kan ruwa. Ni goruna nake ce musu, don aikinsu ɗaya da goran da masuntan Argungu ke kifa ciki a kai. Ƙasa akwai allo da ake zurawa cikin ruwa don kada iska ta riƙa jan jirgin a kaikaice. Baya akwai daffa, wutsiyar da ke juya akala, da ɗan mariƙinta kusa da cinyar hagu. Sai feda da ake turawa gaba da baya, tana kaɗa wasu fukafukai biyu a ƙarƙashi, ta yadda ko babu iska ba ka zauna ba.

Da safe, bayan asuba zuwa hantsi, ba ni da abin cewa sai yabo. Iska mai laushi, ruwa garau har kana hango murjani a ƙasa, jirgin na tafiya shiru ba ƙarar inji ba warin fetur. Wanda zai tsaya a nan, ya saya kawai, ba sai ya karanta sauran ba.

Sai dai iskar Jidda ba ta tsayawa a nan. A wannan rabi na Bahar Maliya kusan duk shekara daga arewa maso yamma take busowa, tana bin tsawon tekun tsakanin duwatsun Hijaz da na gaɓar Afirka kamar ruwa a kwararo. Da rana ta take, tudu ya ɗauki zafi fiye da ruwa, iskar tudu ta tashi sama, ta teku ta kwararo ta cike gurbinta, ta haɗu da waccan ta arewa. Tsakanin azahar da la'asar take kai maƙura. Cikin sharm ɗin Abhur, wannan siririn reshen teku da ya kutsa tudu kimanin kilomita 10, akwai wata rigimar kuma: gidajen hutu sun jeru a gaɓa, iska na ɓuya bayan gini ta ɓullo ta tsakanin gini da gini. Yanzu zaninka na lilo kamar wanki a igiya, ka ɗan gusa gaba kuma kamar an kai maka mangari. Ba iska mai ƙarfi ce ke kayar da ƙaramin jirgi ba, mai zuwa bugu-bugu ce. Akwai lissafin da da na san shi da wuri da ban sha wuya ba: nauyin da iska ke sauke wa zani ba ya tafiya daidai da gudunta. In gudun ya ninka biyu, nauyin huɗu yake ninkawa. Daga kilomita 25 a awa zuwa 35 kawai, abin da zanin ke ɗauka ya kusa ninki biyu.

Asabar ɗin da nake magana cikin Fabrairu ne. Aiki ya riƙe ni da safe, ban isa ruwa ba sai bayan azahar. Na duba hasashen iska a waya, ya nuna lamba biyu, 25 da 42. Na farko matsakaicin gudu ne, na biyu kuma inda bugu kan kai. Na karanta na farko na mai da wayar aljihu. Ɗan yayata da ya rako ni ya ce, "Kawu, masunta fa duk shigowa suke yi, kai kaɗai ke fita." Na ce masa ya je ya sha shayi, awa ɗaya zan yi.

Kuskure na biyu ya fi na farko. Da na fita bakin sharm sai na juya kudu, iska na bayana. Wanda bai taɓa yi ba ba zai san yadda wannan tafiyar ke yaudara ba. Kai da iska hanya ɗaya kuke bi, don haka ba ka jin ƙarfinta a fuska, igiyar ruwa na ɗaga ka daga baya tana turawa, jirgin na gudu irin wanda bai taɓa yi ba, ni kuwa har ihu nake ni kaɗai. A Kwara in ka bi ruwa ƙasa ka san da wahala za ka dawo, kakana ya koya mini wannan da bulala. Ban taɓa tunanin iska ma haka take ba. Sai da hancin jirgin ya nutse cikin wata igiyar ruwa, ruwa ya taho ta kansa ya cika mini cinya, sannan na waiwaya na ga bakin sharm ya yi nisa, teku kuma ta yi fari da kumfa.

Na juya. Nan take iskar da nake wasa da ita ta zama wata aba daban. Jirgin zani ba ya tunkarar iska kai tsaye, sai dai a kaikaice, ka yi dama ka yi hagu kamar mai hawan tsauni da jaki, kuma wannan nawa ba ya iya matsawa kusa da fuskar iska kamar manyan jirage. Tafiyar da na yi cikin minti 20 ta zama ta awa biyu. Hagu buɗaɗɗen teku, dama duwatsun murjani da ruwa ke fashewa a kansu, iska kuma can take son kai ni.

Bugun farko na gan shi kafin ya iso. Fuskar ruwa takan yi duhu ta yamutse, duhun na tahowa da gudu. Abin da ya kamata shi ne ka saki igiyar zani kaɗan, ka ɗan karkata hanci wajen iska, zanin ya zubar da abin da ya fi ƙarfinsa. Ni kuwa na saƙale igiyar a maƙalinta don hannuna ya gaji. Bugun ya sauka, goran da ke ɓangaren da iska ke turawa ya nutse gaba ɗaya har hannun ƙarfen ya shiga ruwa, ɗayan ya tashi sama yana ɗiga. Cikina ya ɗuri ruwa. Na fizge igiyar, zanin ya yi fat-fat-fat kamar zai yage, jirgin ya dawo ya zauna. Da kwale-kwalen gida ne, ko kayak marar goruna, da tuni ina ƙarƙashinsa. Wannan yabo na farko ke nan, kuma na gaske ne: ya yafe mini kuskuren da ba kowane jirgi ke yafewa ba.

Yabo na biyu shi ne abin da nake ganin shi kaɗai ya ishe shi kuɗinsa. Zanin yana naɗewa a jikin sandarsa kamar tabarma. Igiya ɗaya za ka ja daga inda kake zaune, sandar ta juya, zanin ya ragu gwargwadon yadda kake so, ba sai ka miƙe ba, ba sai ka rarrafa gaba ba. Na naɗe fiye da rabi, na bar ɗan abin da bai fi sallaya ba. Abin mamaki, gudun bai ragu sosai ba, sai ma jirgin ya miƙe, daffa ta dawo tana jin magana. Da cikakken zani a irin wannan iskar, jirgin kullum so yake ya juya hancinsa cikin iska, kai kana ja shi yana ja, rabin ƙarfin a kokawa yake ƙarewa. Tun daga ranar, ina naɗewa tun a bakin gaɓa in na ga alama, in ta lafa in warware. Ba a fafa gora ranar tafiya, balle a tsakiyar teku. Kuma zanin ba shi da sandar kwance a ƙasansa, don haka in ya tsallaka daga wannan gefe zuwa wancan ba abin da zai fasa maka kai, iyaka igiya ta share maka hula. Tawa tana can.

To ga inda ya ba ni kunya. Daffar tana rataye ne da wani ɗan fegi na roba, bai fi ɗan yatsa ba. Da gangan aka yi shi da rauni, don in wutsiyar ta daki dutse shi ya karye maimakon jikin jirgi ya tsage. Hikima ce, ban musa ba. Amma nawa ba dutse ya daka ba, wata igiyar ruwa ce ta bugi wutsiyar a kaikaice, na ji ƙas, mariƙin ya saki a hannuna kamar an yanke jijiya. Saura kamar kilomita ɗaya in kai bakin sharm. Akwai fegin canji a ƙaramin akwatin baya, sai dai wanda ya zaɓa masa wannan wurin bai taɓa gwada rarrafawa bayan siririn jirgi a cikin igiyar ruwa ba. Ban ko gwada ba. Na naɗe zanin duka, na sa ƙafa a feda, na zaro filafili na soka shi a baya ina juya akala da shi, daidai yadda ake yi a Yawuri. Jikan Basarke ya yi rana. Da jan ciki na shiga sharm, inda masu babur ɗin ruwa suka karɓe ni da igiyoyin ruwan da suke tayarwa, don Asabar da yamma wurin nasu ne. Ɗan yayata na tsaye a gaɓa da waya a hannu, ya riga ya danna 994, lambar Harasul Hudud, masu tsaron iyaka da gaɓar teku, saura ya kira. Bai ce mini komai ba, ya kama hancin jirgin muka ja.

Sauran aibobinsa ƙanana ne amma na kullum. Jiƙewa dole ce, mazaunin kusan daidai yake da fuskar ruwa, in iska ta tashi kamar ana watsa maka bokiti. Ruwan nan da ɗumi, ba sanyi ne abin tsoro ba, gishiri ne. Bahar Maliya na ɗauke da kusan giram 40 na gishiri a kowace lita, alhali yawancin tekuna 35 ne, kuma za ka ji bambancin a ido da leɓe. Ƙarfe ma yana ji. Sau biyu na yi kasala ban wanke shi da ruwan famfo ba, makullan hannuwan gorunan suka cije sai da mai da guduma. Murfin gaba yana shan ruwa in hanci ya yawaita nutsewa. Ranar nan sai da na kwashe kusan rabin bokiti daga cikinsa, don haka waya da makullin mota sai a jakar da ba ta shan ruwa, a ɗaure a jiki, ba a cikin jirgi ba. Nauyi kuma, in an haɗa komai ya haura kilo 80. Mutum ɗaya zai ja shi kan amalanke, amma ɗora shi kan mota aikin mutum biyu ne, sai in kana da bayan da kake son rabuwa da shi. Kayan gyaransa ba a kowane shago suke ba, fegin nan da bai kai kuɗin faranti ɗaya na shinkafar bukhari ba sai da na jira shi sati uku.

Masu tambayata ko su saya, ga yadda nake raba su. In ka iya ruwa, kana da inda za ka ajiye abu mai tsawon mota, kuma kana iya tashi da asuba ranar hutu, ban san wani abu da zai ba ka teku a wannan kuɗin ba. In kuwa sai bayan azahar kake samun kanka, to kullum da iskar la'asar za ka haɗu, kuma ba da ita ake koyo ba. Wanda bai iya iyo ba kada gorunan nan su ruɗe shi. Ni rigar ceto ba ta barin jikina, akwai igiya daga ƙuguna zuwa jirgi don in na faɗa iska za ta tafi da shi fiye da yadda zan iya binsa, kuma ranar da Harasul Hudud suka hana fita saboda iska ba na neman wata kafa. Lamba ta biyu nake fara karantawa yanzu. In ta haura 35, cikin sharm nake tsayawa da rabin zani. Fita kuma arewa nake fara yi, in sha wahalar tun da ƙarfina, iska ta dawo da ni gida.

Fegi uku na saya. Biyu suna aljihun rigar ceto, ɗaya na ɗaure da zare a jikin mazauni. Dattijon nan mai raga ya ga ina ɗaurawa makon jiya, ya karɓa ya jujjuya shi a tafin hannunsa, ya tambaye ni ko da gaske wannan ne ke riƙe da daffar. Na ce shi ne. Ya miƙo mini, ya ce in ƙara na huɗu.