Zaman sauraro na ranar Asabar: abin da na gani cikin wata uku

Tun ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, da aka ƙona coci-coci a nan Damagaram kan zanen Annabi da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga, ko ƙaurin taya na ji sai gabana ya faɗi. A barikin soja muka kwana ni da yara, cikin sanyin hunturu. Keken ɗinkina wuta ta cinye.

Hajiyar da muke katanga ɗaya, wadda ta ɓoye autata a ɗakinta ran nan, ita ta matsa mini in je zaman sauraron da wasu sistocin Katolika ke yi. Kyauta ne, kuɗin kabu-kabu kawai za ki kashe. Mu goma sha biyu ne, har da Musulmi uku.

Na tafi da shirin a ce mini "ki yi haƙuri, ki yafe", maganar da na ƙoshi da ita. Ba wanda ya faɗa. Sista ta bar ni na yi kukana har na gaji, ta miƙo ruwa, ba ta ce uffan ba. Sai a zama na huɗu ta buɗe Linjilar Yohanna sura 20, inda Yesu bayan tashinsa ya nuna wa almajirinsa Toma gurbin ƙusa a hannuwansa. Ta ce, "Maman yara, shi ma da tabonsa ya tashi." Shekaru ina jin wannan karatu a coci, ban taɓa lura ba. Ta kuma kawo saƙon Fafaroma John Paul na biyu na 2002, cewa zaman lafiya ba ya tsayuwa sai da adalci, adalci kuma sai da gafara. Wato yafewa ba ta hana ni faɗin abin da aka yi mini, ba ta kuma hana ni neman hakkina.

Inda suka gaza: faransanci ya yi yawa, tsofaffi sai gyaɗa kai. Ɗakin kwano ne, ba fanka. Wata da ba ta barci sam, magani take bukata, amma sai da aka yi wata biyu kafin a haɗa ta da likita. Maza kuwa ko ɗaya bai leƙo ba, har nawa.

Yaron da na gane fuskarsa cikin masu ƙone-ƙonen ran nan yanzu kayan miya yake sayarwa a kasuwar Dole. Makon jiya na sayi tattasai a wurinsa. Ban gaishe shi ba tukuna.