Kwafi ɗai-ɗai ko ɗinkakken kundi: wanne ya fi ga mai tara jaridun yaƙi?

Mai neman The War Illustrated, jaridar hotuna ta mako-mako da aka fara bugawa a Landan a watan Agustan 1914, a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, zai same ta iri biyu: kwafi ɗai-ɗai, ko kundi mai kaurin bango da aka ɗinke fitowar watanni a ciki.

Kundi ya fi sauƙin ajiya, bangonsa kuma yana tsare takarda daga haske da ƙura. Sai dai masu ɗinkin sukan cire bangon kowace fitowa da shafukan talla, su datse gefen takarda. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin tallan nan shi ke nuna abin da mutanen gida ke saye yayin da 'ya'yansu ke ramukan yaƙi a Faransa.

Kwafi ɗai-ɗai kuwa yana nan yadda mai karatu ya riƙe shi ranar fitowa, har da farashinsa. Takardar mai arha ce, takan dafe, ta karye a wurin ninki. Duk da haka shi na fi so, a ajiye shi a shimfiɗe, nesa da danshi da gara.