Jak Ɗin da Zai Shiga Ƙarƙashin Motar da Ta Yi Ƙasa

Yawancin masu sayen jak tambayarsu ta farko ita ce tan nawa yake ɗagawa. Ga mai Corolla, Civic ko Camry, ba nan gizo ke saƙar ba. Corolla ba ta kai tan ɗaya da rabi ba, kuma gefe guda kawai za a ɗaga, don haka mai tan 1.5 ko 2 ya wadatar. Abin da ke kunyata mutum a bakin titi shi ne tsayin jak ɗin idan an sauke shi ƙasa ƙurmus: zai shiga ko ba zai shiga ba?

Tsakanin cikin irin waɗannan motoci da ƙasa, santimita 13 ne zuwa 15, shi ma fa in taya na cike da iska. Ranar da ta yi faci, motar za ta ƙara zama da kamar yatsu uku ko huɗu. Saboda haka kafin ka nufi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, sace iskar taya ɗaya a gida, ka auna daga ƙasa zuwa wurin kafa jak, wato bakin ƙarfen nan mai tsaga biyu da ke ƙasan ƙofa kusa da taya. Da wannan awon za ka yi ciniki.

Jak mai kama da kwalba, wanda ke aiki da mai, shi ya fi jan hankali saboda ƙarfi da araha. Amma ko ƙaraminsa yakan kai santimita 18 a sauke. Na Hilux ne da bas, ka bar musu abinsu.

Mai almakashi, irin wanda ke zuwa da mota, yana naɗewa ya koma kusan santimita 10, ga shi ba nauyi. Sai dai za ka yi gumi wajen murɗawa, kuma gindinsa siriri ne. In shi za ka saya, murɗa shi a gaban mai shago har ƙarshe ka sauke. In zaren yana cijewa, ko ƙarfen ya yi kama da na gwangwani, ajiye shi. Duba kansa ma: ya kasance da tsagar da bakin ƙarfen motar zai zauna a ciki, in ba haka ba zai lanƙwasa maka bodi. Ni dai na fi yarda da na asali, ko da gwanjo ne, a kan sabo mai ƙyalƙyalin fenti.

Sai mai tayoyi da dogon hannu, irin na masu faci. A nan ake yawan yin kitso da ƙwarƙwata, don ƙananan da ake sayarwa a akwatin roba sukan fara ne daga santimita 13. Wanda aka ƙera don motoci masu ƙasa shi ne mai shimfiɗaɗɗen baki, yana farawa daga 8 ko 9, kuma bugu kaɗan mota ta tashi. Matsalarsa nauyi da cin wuri a but. Na alminiyom ya fi sauƙin ɗauka amma ya fi tsada. Kuma dole tayoyinsa su riƙa gangarawa yayin da yake ɗagawa, don haka a kan yashi ba ya da amfani sai da faffaɗan katako.

Akwai na lantarki da ake jonawa a batirin mota. Yana da daɗi ga wanda ba ya son wahala, amma ranar da batir ya yi sanyi sai ka koma neman na hannu.

In tafiya ce aikinka, mai almakashi mai kyau da guntun katako a but sun ishe ka. Katakon zai hana jak nutsewa, in kuma wuri ya matse sai ka hau kansa da tayar da ta sace ka samu ƙarin sarari. Mai canza mai ko birki a gida shi ya kamata ya sayi mai tayoyi, ya haɗa da ƙafafun ƙarfe na tokare mota, don ba a shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita. Ko canjin taya ne, ja hambirki, sa dutse a bayan tayar da ke ƙasa, ka tura safaya ƙarƙashin motar har ka gama cire mai facin.