Wane Littafin Fiziks Za Ka Saya a Shekarar Farko ta Jami'a?

A makon rajista ɗan yayata ya shigo gida da takarda a hannu, ɗauke da sunayen littattafai biyar da malaminsu na fiziks ya rubuta a allo. Ya ce, "Kawu, duka zan saya?" Na ce masa a'a, ɗaya za ka saya, amma zauna mu gano wanne. Na daɗe ina yi wa 'yan ajin farko darasin yamma, kuma yana yi mini ciwo in ga yaro ya zuba kuɗin da mahaifinsa ya haɗa da ƙyar a littafin da ba nasa ba ne, bayan mako uku ya ajiye shi ya koma haddar handawut. Abin da na gaya masa shi zan shimfiɗa a nan, ga wanda ya samu gurbi a Jami'ar Bayero, ko ta Wudil, ko wata daban.

Kafin ka tambayi sunan marubuci, tambayi kanka ina lissafinka ya tsaya. Littattafan nan gida biyu ne: masu tafiya da aljabra da lissafin kusurwa kaɗai, da masu tafiya da kalkulas. A sakandare an ba ka v = u + at, ka haddace, ka ci jarrabawa da ita. To, wannan ƙa'ida tana aiki ne kawai idan gudun abu yana ƙaruwa ko raguwa daidai wa daida a kowace daƙiƙa. Ka hau adaidaita sahu daga Kabuga ka lura: ya figa, ya lafa, ya taka birki saboda mai baro, ya sake figa. Babu wata daƙiƙa da ta yi kama da 'yar'uwarta. Idan kana son sanin gudunsa a daidai ƙiftawar ido ɗaya, sai kalkulas. Wannan shi ne tsanin da ke tsakanin fiziks ɗin sakandare da na jami'a. Don haka gwajin farko a shago mai sauƙi ne: buɗe babi na biyu, wanda ke magana a kan tafiya a miƙaƙƙen layi. In ka ga dx/dt, littafin kalkulas ne a hannunka. Mai karanta injiniya, fiziks, lissafi ko kimiyyar kwamfuta, wannan ne nasa, ko da alamar ta ba shi tsoro a yau, domin a wannan shekarar za a koya masa ita a darasin lissafi.

A gidan kalkulas, biyu ne suka fi yawo a hannun ɗalibai. Na farko Fundamentals of Physics na David Halliday da Robert Resnick, wanda ya fara fitowa a 1970, daga baya Jearl Walker ya shigo ya ci gaba da sabunta shi. Na biyu University Physics, wanda Francis Sears da Mark Zemansky suka fara a 1949, yanzu kuma yana ɗauke da sunan Hugh Young da Roger Freedman. Dukansu sun haura shafi dubu, dukansu cikakken bugunsu babi 44 ne, kuma darussan kusan a jere ɗaya suke.

Bambancin yana cikin yadda suke riƙe hannun ɗalibi. Halliday gajeren bayani gare shi, yana saurin kai ka ga ƙa'ida, sannan ya tsayar da kai da 'yar tambaya a tsakiyar babi don ya ga ko ka gane kafin ka wuce. Walker mutum ne mai son misalan rayuwar yau da kullum, kuma hakan ya fito a littafin. Young da Freedman sun fi yalwar magana. Kowane misali da suka warware sai sun bi matakai huɗu: gano abin da ake nema, tsara yadda za a tunkare shi, yin lissafin, sannan a duba ko amsar ta yi hankali. Wannan mataki na huɗu shi ne abin da na fi so a littafin, don shi ne ɗalibanmu suka fi rasawa. Na ga yaro ya lissafa zurfin rijiya ya samu kilomita biyu, ya ja layi biyu a ƙarƙashi ya wuce. Da ya tsaya ya tuna cewa dutsen da ya yi daƙiƙa biyu yana faɗuwa mita 19.6 kawai ya ci, da ya san an samu kuskure a wani wuri. Saboda haka, wanda zai yi yawancin karatunsa shi kaɗai a ɗaki, ba mai tambaya a kusa, Young da Freedman nake zaɓar masa. Wanda Turanci mai tsawo ke gajiyar da shi, amma lissafi ba ya ba shi wahala, Halliday zai fi yi masa daɗi. Akwai kuma na Serway da Jewett, Physics for Scientists and Engineers, shi ma a sahu ɗaya yake da su. In shi ka samu da araha, ɗauka, ba ka yi asara ba.

Gidan aljabra kuwa akwai Physics: Principles with Applications na Douglas Giancoli, da Physics na Cutnell da Johnson. Waɗannan sun dace da masu nufin likitanci, haɗa magunguna, aikin gona da kimiyyar halittu. Sai dai a kula, Giancoli yana da wani littafin na kalkulas mai suna daban, kada sunan marubuci ya ruɗe ka ka ɗauko wanda ba shi kake nufi ba. Kuma ka fara duba tsarin darasin da sashenku ya bayar, domin a jami'o'i da dama duk 'yan kimiyya aji ɗaya suke zama a fiziks ɗin shekarar farko.

Akwai wanda yayyenmu suka yi karatu da shi, Advanced Level Physics na Nelkon da Parker, littafin Ingila. Har yau waɗanda suka biyo ta IJMB sun san shi. Bai kai waɗancan girma ba, maganarsa a dunƙule take, ba ya ɓata lokaci. Gada ce mai kyau tsakanin sakandare da jami'a, amma ba zai raka ɗalibin injiniya har ƙarshen tafiya ba, musamman a lantarki da maganaɗisu. New School Physics na Anyakoha da ka ci WAEC da JAMB da shi, kada ka bayar, ajiye shi don tuna abin da ka manta, amma aikinsa ya tsaya nan.

Sai littafin da nake so ƙwarai amma ba na bari ɗan ajin farko ya fara da shi: The Feynman Lectures on Physics. Laccoci ne da Richard Feynman ya yi a Caltech ta Amurka daga 1961 zuwa 1963, kafin ya samu kyautar Nobel a 1965. Babu mai bayani kamarsa. Amma juzu'an uku ba su da tambayoyin gwaji a ƙarshen babi, kuma shi kansa a gabatarwar ya nuna bai gamsu cewa laccocin sun amfani yawancin ɗaliban ajin ba. Caltech ta sa shi kyauta a intanet. Karanta shi a hutu, bayan ka sha wahalar darasin, lokacin ne za ka ji daɗinsa.

Abin da ya sa nake nanata tambayoyin ƙarshen babi shi ne, su kake saya. Bayani ko'ina akwai shi, har a YouTube. Fiziks ba ya zama a kai sai ka ɗauki biro ka yi kokawa da tambaya, ka faɗi, ka sake. Sababbin bugun Halliday da na Young suna sa ɗigo ɗaya, biyu ko uku a gefen tambaya don nuna nauyinta, sannan a bayan littafi akwai amsoshin tambayoyi masu lambar mara, wato 1, 3, 5 haka. In kuɗi sun ragu, ƙara da Schaum's Outline of College Physics, wanda kusan gaba ɗayansa warwararrun tambayoyi ne. Abokin tafiya ne, ba ya maye gurbin babban littafi.

Yanzu maganar aljihu. Sabon bugu na asali tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma ba dole ba ne. Newton ya wallafa dokokinsa a 1687, Maxwell ya haɗa lantarki da maganaɗisu a shekarun 1860, babu abin da ya canja a cikinsu tsakanin bugu na takwas da na goma sha ɗaya. Abin da mawallafa ke sauyawa galibi hotuna ne da jerin tambayoyi. Abu ɗaya da tsohon bugu zai gaya maka wanda ya tsufa shi ne ma'anar kilogiram: zai ce nauyin wani ƙarfe ne da ke ajiye kusa da birnin Faris, alhali tun watan Mayu na 2019 an koma ɗora shi a kan lambar Planck, wata tsayayyar lamba a fiziks da ba ta canjawa. Rubuta wannan a gefen shafi, shi ke nan. Don haka gwanjo mai tsabta, na wani da ya gama ajin, shi ne cinikin da ya fi. Matsala ɗaya: in malami ya ce a yi tambaya ta 27 a babi na biyar, lambar bugunka ba lalle ta zo ɗaya da tasa ba, sai ka duba na abokinka.

Wanda nake gargaɗi a kansa shi ne bugun jabu. Bangon yana sheƙi, ciki kuwa hoton hoto ne. Na taɓa zama da wata ɗaliba kusan awa guda muna neman inda ta kauce a tambayar lantarki. Ashe cajin ilektron, wanda yake 1.6 × 10⁻¹⁹, alamar ɗebewar da ke gaban 19 ta dushe a littafinta, ba a ganinta sam. A littafin labari harafi ɗaya ya ɓace za ka cike da kanka. A fiziks 'yar sandar nan ita ce komai. Haka ma bekta, wato adadi mai nuna alƙibla, da baƙin harafi mai kauri ko 'yar kibiya a kai ake bambanta shi, kuma zanen ƙarfin da ke aiki a kan abu da launi ake rarrabe kibiyoyinsa. A jabu duk sai su zama toka-toka iri ɗaya. Ban da haka, haƙƙin mutane ne ake ci.

In ka shiga layin masu littattafai a Sabon Gari, kada ka yi ciniki da bango. Ka ce, "Malam, bari in duba ciki," mai shagon kirki ba zai hana ka ba. Buɗe tsakiya ka ga ko ƙananan lambobin sama da ƙasa suna karantuwa. Juya baya ka tabbatar shafukan amsoshi da jadawalin lambobi suna nan, su ne suka fi yagewa a gwanjo. Ɗaga littafin ka girgiza a hankali ka ga ko ɗinkin zai riƙe. Sannan abin da ya fi kama mutane: duba ko cikakke ne ko juzu'i ɗaya. Halliday da Young duka ana raba su, juzu'in farko ya tsaya a babi na 20, lantarki kuma daga babi na 21 yake farawa. In ka sayi na farko kaɗai, zangon karatu na biyu za ka sake komawa kasuwa. Akwai kuma bugun da mawallafan ke yi musamman don ƙasashen waje, mai bangon takarda, halastacce ne kuma ya fi sauƙi. Na Halliday a irin wannan bugu yakan zo da sunan Principles of Physics, kada ka ɗauka wani littafi ne daban.

Wanda ba shi da ko sisi ma ba a bar shi a baya ba. OpenStax, na Jami'ar Rice da ke Amurka, ya fitar da University Physics juzu'i uku a 2016, na kalkulas, kyauta ne kuma halal ne ka sauke. Ingancinsa ya isa ajin farko. Damuwata da shi ita ce waya: allo ƙarami, zane a shafi ɗaya bayani a wani, ga caji, ga saƙon WhatsApp yana faɗowa kana tsakiyar lissafi. Dabarar ita ce ka kai babin da ake yi a wannan makon wurin masu fotokwafi su buga maka, ka riƙa rubutu a kai. Laburaren makaranta da na Murtala Muhammad da ke Kano su ma wuraren zama ne, ka leƙa ka ga abin da ke kan kanta. Handawut ɗin malami kuwa riƙe shi da kyau, shi ke nuna maka inda aka dosa, littafi kuma ya cike abin da ya taƙaita.

Ɗan yayata injiniyan lantarki yake karanta, kuma mai jin kunyar tambaya ne a aji. Muka samo masa tsohon bugun Young da Freedman, cikakke, a hannun wani da ya kai aji uku, gefen shafukan cike da rubutun fensir. Na sa masa sharaɗin tambaya biyar kullum bayan sallar Asuba, daga masu ɗigo ɗaya. Jiya da daddare ya turo mini hoton shafi, ya zagaye wata mai ɗigo biyu a babin dokokin Newton, ya rubuta a ƙasa: "Kawu, amsata ba ta zo ɗaya da ta baya ba, amma kada ka gaya mini tukuna."