Wata tara da kuɗin kula da Hajiya a hannunmu: abin da na gani a Ingila

Hajiya, mahaifiyata, shekararta 78, kuma ta haura shekara arba'in a arewacin Ingila, tun da ta biyo Baba, Allah ya jiƙansa, lokacin da ya zo karatu. A hunturun bara ta samu shanyewar ɓarin jiki. Allah ya taƙaita, baki ya dawo, ƙafa ma ta ɗan dawo, amma hannun hagu har yau bai saki ba. Sharhin nan a kan tsarin biyan kuɗi kai tsaye ne, wato ƙaramar hukuma ta damƙa wa tsoho kuɗin kula da shi ya nemo mai yi masa hidima da kansa, maimakon ta turo masa kamfani. Wata tara ke nan muna kai.

Da aka sallamo ta daga asibiti, an turo masu koya mata sake yi wa kanta hidima, kyauta, na sati shida. Ba ni da ƙorafi a kansu. Bayan nan ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta zo auna buƙatunta kamar yadda Dokar Kulawa ta 2014 ta tanada, kuma a nan muka fara tuntuɓe. Duk abin da aka tambayi Hajiya amsa ɗaya ce: "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Kina iya wanka da kanki? Lafiya lau. Shiga banɗaki fa? Sai ta kawar da kai. Matar da ko sunana ba ta kamawa don ni ce 'yar fari, ita ce za ta zauna gaban baƙuwa tana bayyana yadda take fama a makewayi? Ita kuwa baiwar Allah abin da ta ji shi take rubutawa. Da ban raka ta har mota na fayyace mata gaskiya ba, da abin da za a ba mu bai taka kara ya karya ba. Duk mai tsoho irin namu, kada ya bar shi shi kaɗai ranar wannan awo.

Sai lissafin dukiya. A Ingila wanda ajiyarsa ta wuce fam 23,250 shi ke biya wa kansa. Wanda ke ƙasa da fam 14,250 ba a taɓa ajiyarsa, sai dai a duba abin da ke shigo masa, kuma ba a lissafa gidan da mutum ke ciki muddin a gidan ake kula da shi. Ajiyar Hajiya ba ta kai wannan ƙaramin adadin ba, don haka tana ba da wani kaso daga fanshonta, hukuma ta cika sauran. An ware mata awa 14 na kulawa a sati.

Wata uku muka yi da kamfanin da aka haɗa mu da shi, kuma ba zan ce ma'aikatansu mugaye ba ne. Mata ne da ake kora daga gida zuwa gida, kowace ido a kan agogo. Amma "ziyarar safe" tana iya zama ƙarfe bakwai, tana iya zama sha ɗaya saura. Hajiya da ta saba wanka da sassafe sai ta zauna da kayan barci har hantsi, tana jira. A wata guda na ƙirga fuskoki goma sha ɗaya. Wata ta taka darduma da takalmi, ba da gangan ba, ba ta san mece ce ba. Abincin rana kuwa biredi da cuku, ga matar da in ba ta ci tuwo ba ba ta ci abinci ba. Ranar da aka turo namiji ya yi mata wanka, alhali an rubuta a takarda cewa mace take so, ranar ta ƙi buɗe ƙofa, ta kira ni a wurin aiki ta ce, "Ke, ki ce musu na gode, su bari haka nan."

Sai da na yi waya ina kuka sannan aka ambata mini biyan kuɗi kai tsaye. Daga baya na gano tun 1996 aka yi dokarsa, kuma tun 2000 aka buɗe shi ga waɗanda suka kai 65. Ba sabon abu ba ne, ba a dai gaggawar faɗa wa mutum.

Yadda yake: ana zuba kuɗin a wani kati na musamman, kai kuma ka ɗauki wanda kake so. Ta hanyar matan masallaci muka samu wata Bahaushiya 'yar zangon Kumasi, wadda ta taɓa aikin kula da tsofaffi. Aka duba takardarta ta DBS, wato shaidar binciken ko mutum ya taɓa aikata laifi, ta fara aiki. Sati biyu kawai Hajiya ta canza. Ana zuwa ƙarfe bakwai daidai. Ana taimaka mata da alwala ba sai ta yi bayani ba. Suna musu a kan ko kokon Gana ya kai na Kano, kuma rabon da in ji dariyarta irin wannan tun kafin ciwon. Da azumi ya zo muka mayar da awannin rana zuwa yamma, ba tare da neman izinin kowa ba. A nan kam tsarin ya cika alƙawarinsa.

Amma fa kowa ya sani, ranar da ka ɗauki ma'aikaci da katin nan ka zama uban gida a idon doka. Albashi, haraji, inshorar ma'aikaci, fanshonsa, hutun shekara na sati 5.6, kuma ba za ka biya ƙasa da mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma fam 12.21 a awa a Afrilun 2025. Akwai masu yi maka lissafin albashi, mun ɗauka, amma takardar awanni da rasit duk a wuyana suke, kuma ana bincike. Kuɗin da ya yi saura mai yawa ana iya karɓe shi. Ƙanwata da ke zaune tare da Hajiya, wadda ke tashi da ita cikin dare, ba a yarda a biya ta daga kuɗin ba, don dangi na gida ɗaya sai da dalili mai ƙarfi. Ranar da 'yar Kumasi ta kwanta mura kuwa, babu kamfanin da zai turo wata. Ni na ɗauki hutu kwana huɗu. Nakan tambayi kaina, tsohon da ba shi da 'ya mai jin Turanci da haƙurin cike takardu, wane zaɓi aka ba shi?

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba daga hukuma ya zo ba. Ni na tsara jadawalin, na liƙa shi a jikin firji: wanka, magani, shara, wanki, motsa jiki, da cibiyar tsofaffi ranar Laraba. Na ga na yi bajinta. Wata rana ina karanta mata, ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To, da su ke zaɓa mini, yanzu ke ce." Na rasa ta cewa.

Ashe ba ta son cibiyar, ba ta jin hirarsu kuma wasannin da suke yi ba nata ba ne. Abin da take so shi ne a tara awannin shara a kai ta masallacin Juma'a, daga can a biya da ita gidan aminiyarta da ita ma ƙafa ta hana ta fita. Kuma tana so ta tuƙa tuwo da kanta, a tsaye, da hannu ɗaya, a riƙe mata tukunya. Na ce sam, za ta ƙone. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, wadda na kira don ta goya mini baya, ita ta tuna mini cewa dokar 2005 kan hankalin yanke shawara ta ce mutum mai hankalinsa yana da ikon zaɓar abin da wasu ke gani kuskure ne. Ban ji daɗi ba a lokacin. Aka sayo kujera mai tsawo ta kicin, aka gyara tsarin kulawar, aka sa Juma'a a ciki. Tuwon yana yin gudaji wani lokaci. Falon ma bai kai tsabtar da nake so ba.

In za a ce in ba shi maki, huɗu cikin biyar zan ba shi ga iyalin da ke da mai riƙe takardu da kuma wanda zai maye gurbi ranar da mai kula ba ta zo ba. Ga wanda ba shi da su, gara ya nemi a raba: wani sashe kamfani, wani sashe a hannunsa, ko a ba wata ƙungiya ta riƙe masa asusun, don duk ana yi.

Wata mai zuwa hukuma za ta zo bitar shekara kan tsarin kulawar. Hajiya ta ce a nemo mata tafinta, mace, kuma ni in zauna a kicin sai an kira ni. Na riga na yi waya an rubuta.