Pit da Pst: ƙofofin fosfet biyu a jikin bakteriya

Bakteriyar E. coli na jan fosfet, sinadarin da take buƙata don rayuwa, ta hanya biyu: Pit da Pst. Pit mai sauƙi ce: furotin guda a fatar ƙwayar, kwararar proton (ƙwayoyin haidurojin masu caji) ke tafiyar da shi, fosfet ya shiga haɗe da magnesiyom ko kalsiyom. Sai da yalwa take aiki, kuma ba ta tantancewa sosai, arsenet mai guba ma kan bi ta nan.

Pst kuwa ta lokacin ƙaranci ce. In fosfet ya gaza maikromola 4 (ma'aunin yawan sinadari a ruwa), furotin PhoR ya tada furotin PhoB, a ƙera sassa huɗu: PstS ya cafko fosfet, PstC da PstA su ba da hanya, PstB ya ƙona ATP, makamashin ƙwayar. Tsada gare ta, amma a jigawar gonakin geron Damagaram, inda fosfet ke ƙaranci, irinta ke riƙe bakteriyar da ke cikin ƙasa.