Makullin gindin MP40 da na Uzi: ina bambancin yake?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ke riƙe gindin ƙaramar bindiga mai sarrafa kanta, irin mai naɗewa, har ba ya rufewa a kafaɗar mai harbi, kuma ko duk makullin iri ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Bari in jera maka biyu da aka fi sani, MP40 ta Jamus da Uzi ta Isra'ila, waɗanda duka harsashi mai milimita 9 suke ci.

MP40 ta fito a 1940, ta gaji MP38, kuma an yi mata gindi mai naɗewa ne saboda sojan laima da na cikin motocin sulke, inda wuri ya yi ƙaranci. Gindin sanduna biyu ne na ƙarfe, suna juyawa a kan ƙusa guda a saman mariƙin hannu. A nan maɓallin makullin yake, ta gefen hagu. Bayansa akwai sifirin da ke tura haƙoran ƙarfe cikin tsagin da aka yanka a kan sandunan, kamar yadda sakata ke shiga ramin ƙofa. In ka danna, haƙoran su fita daga tsagin, sandunan su sauko su kwanta a ƙarƙashin bindigar, faifan kafaɗa ya juya ya lafe. Makulli ɗaya ne ke riƙe shi a buɗe da kuma a naɗe. Tsawon bindigar milimita 833 a buɗe, 630 a naɗe.

Uzi kuwa, wadda Uziel Gal ya ƙera, sojan Isra'ila suka fara riƙe ta a shekarun 1950, gindinta na ƙarfe gaɓa biyu ne, kowace da makullinta. Buɗewa ba wuya: ka bugi faifan kafaɗa ƙasa da tafin hannu, ka ja shi baya, sai ka ji gaɓoɓin sun kama ɗaya bayan ɗaya. Naɗewar ce ke son natsuwa. Sai ka matse sandunan baya su saki gaɓar tsakiya, ka lanƙwasa, sannan ka danna maɓallin gaɓar gaba ka tura duka ƙarƙashin bayan bindigar. Daga milimita 640 ta dawo 470.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda MP40 ke tsufa. Duk dukan da bindigar ke yi wa kafaɗa, da duk jingina da faɗuwa, a wuri guda suke sauka, wato kan haƙoran nan da tsaginsu. Tsagin ya ɗan ci kaɗan, wanda ido ma ba zai gani ba, amma da yake sandunan dogaye ne, kafin motsin ya kai faifan kafaɗa ya zama rawa sosai. Shi ya sa masu adana tsofaffin makamai ke yawan kukan cewa gindin MP40 yana girgiɗi sama da ƙasa. Irin wannan tsari ne bindigar AK (Kalashnikov) mai gindi mai naɗewa ƙasa ta bi, wadda muke gani a hannun jami'an tsaro, ita ma in ta sha aiki haka take yi.

Uzi ma tana sakwarkwacewa, ƙarfe dai ƙarfe ne, kuma makulli biyu wuri biyu ne na ci. Ƙarfenta a kunci kuma babu daɗi, musamman a rana ko sanyi. Duk da haka ni ita nake fifitawa, domin tana naɗewa ta dunƙule a baya ba tare da ta tare wurin da hannun gaba ke kamawa ba. MP40 ta fi ta sauƙin fahimta da ƙarancin sassa, wannan ba musu.

Sai ka lura, makullin gindi ba ruwansa da kunama. Naɗe gindi ba ya hana ko ɗaya daga cikinsu tashi, abin da ke hana harbi daban yake a jikin kowace.